BABI NA UKU: TARKEN HANYAR SQ3R DA DABARUN KARATUN TURANCI A MANYAN MAKARANTU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken hanyar karatun nan da aka fi sani da SQ3R, tare da sauran dabarun da ake haɗa ta da su idan ana koyar da karatun Turanci a shekarar farko ta jami'a da kwalejojin ilimi. An zaɓi wannan hanya ne domin ta yi kaka-gida a littattafan kwas ɗin amfani da Turanci da kuma takardun da malamai ke rabawa, waɗanda ɗalibai ke kira handawut. Abin da za a yi ƙoƙarin ganowa shi ne ko hanyar ta dace da ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko, wanda kuma har yanzu yana kan koyon Turancin da ake so ya yi nazari da shi.

3.1 Asalin Hanyar da Matakanta

Francis P. Robinson, wani masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, shi ne ya fito da wannan hanya a littafinsa mai suna Effective Study na shekarar 1946. Sunan hanyar ya samu ne daga haruffan farko na matakanta guda 5. Da farko ɗalibi zai leƙa babin gaba ɗaya, ya dubi kanun batutuwa da jadawali da sakin layin ƙarshe. Sai ya mayar da kowane kan batu ya zama tambaya. Daga nan ya karanta yana neman amsar tambayar. Idan ya gama sashe sai ya ɗauke ido daga littafin ya biya abin da ya fahimta da kalmominsa. A ƙarshe kuma ya yi bitar babin duka.

Babu mai musun cewa akwai hikima a cikin wannan tsari. Mai karatun da ya shiga babi da tambaya a zuciyarsa ya fi wanda ya shiga haka kawai, kamar yadda wanda ya je kasuwa da abin da zai saya a ransa ya fi wanda ya je yawon ido. Haka kuma masana halayyar koyo sun tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ba tare da duba littafi ba ya fi maimaita karanta shi sa abin ya zauna a ƙwaƙwalwa. Saboda haka tarken da za a yi a nan bai shafi ingancin matakan su kansu ba. Ya shafi wanda aka tsara wa su ne. Robinson ya yi aikinsa ne da ɗaliban Amurka waɗanda da Turanci suka buɗe baki. Matsalarsu ita ce rashin tsari da saurin mantuwa. Bai yi tanadin ɗalibin da zai leƙa kan batu ya tarar bai san ma'anar kalma biyu daga cikin kalmomi huɗun da ke ciki ba. Irin wannan ɗalibi, ta yaya zai mayar da kan batun ya zama tambaya?

3.2 Matsalar Karatu ce ko ta Harshe?

Wannan tambaya ita ce Alderson (1984) ya ɗora muƙalarsa a kanta, kuma har yau ita ce mafarin duk wata muhawara a wannan fage. Bayan ya auna binciken da aka yi kafin lokacinsa, ya karkata ga cewa abubuwan biyu duk suna da hannu, amma ga wanda bai yi nisa a harshen ba, ƙarancin harshe ya fi yin tasiri. Kafin shi, Clarke (1980) ya gwada masu jin Sifaniyanci da ke koyon Turanci, ya ga cewa waɗanda suka gwanance a karatun harshensu, da zarar Turanci ya yi musu nauyi sai su koma yin karatu irin na marasa gwaninta. Wato ke nan dabarar tana nan a tare da su, amma ƙarancin harshe ya tare mata hanya.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa koyar da matakai 5 a lakca ɗaya ko biyu, sannan a tambayi ɗalibi ya jero su a jarrabawa, bai taɓa inda ke yi masa ciwo ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai dai ɗalibin Bahaushe yana da wani ƙarin nauyi da mutanen Clarke ba su da shi. Su sun riga sun iya karatu mai zurfi a harshensu. Shi kuwa sau da yawa bai taɓa samun horon karanta doguwar hujja da Hausa ba, balle a ce yana da gwanintar da zai ƙetarar zuwa Turanci. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, amma aiwatar da ita bai yi ƙarfi ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekaru 6 na firamare, a 2025 kuma aka soke matakin aka koma ga Turanci. Ɗalibin da ke jami'a a yau ya taso ne a tsakanin harsuna biyu, ɗaya yana jin sa sosai amma ba a horar da shi nazari da shi ba, ɗayan ana so ya yi nazari da shi amma bai gama jin sa ba. Babu ɗaya daga cikin matakan Robinson da ya san da wannan hali.

3.3 Kalmomi da Dabarar Cankar Ma'ana

Daga cikin dabarun da ake cusa wa ɗalibi tare da SQ3R, babu wadda ake nanatawa kamar cewa kada ya riƙa tsayawa duba ƙamus, ya canki ma'anar baƙuwar kalma daga kalmomin da ke kewaye da ita. Wannan shawara ta samo ƙarfi ne daga ra'ayin Goodman (1967), wanda ya kwatanta karatu da wasan canke, inda mai karatu ke hasashen abin da zai biyo baya ya kuma tabbatar. Ra'ayin ya yi tashe ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Binciken da aka yi daga baya a kan motsin idon mai karatu ya nuna akasin haka: gwanin karatu yana kallon mafi yawan kalmomin shafi, yana kuma gane su nan take, mai rauni ne ya fi dogaro da canke.

Abin tambaya shi ne, kalmomi nawa ne mutum zai sani a shafi kafin canke ya yiwu? Laufer (1989) ta kawo kashi 95 cikin 100. Hu da Nation (2000) sun yi wani gwaji a Niyu Zilan inda suka ɗauki wani labari suka musanya wasu kalmominsa da kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, ta yadda wasu masu karatu suka san kashi 80 na kalmomin, wasu 90, wasu 95, wasu kuma duka. Babu ko mutum ɗaya da ya fahimci labarin yadda ya kamata a kashi 80, kuma ko a kashi 95 ba mafi yawansu ne suka fahimta ba. Daga nan suka yanke cewa ana bukatar wajen kashi 98. Nation (2006) ya ƙiyasta cewa kaiwa ga wannan matsayi a rubutun Turanci na gama-gari yana bukatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. Abin da ake nufi da dangin kalma shi ne saiwa tare da duk siffofin da ake samu daga gare ta ta hanyar ɗafi, kamar yadda karanta da karatu da makaranci da makaranta suke gida ɗaya a Hausa.

Yana da kyau a sauko da waɗannan alƙaluma ƙasa. A shafi mai kalmomi 400, sanin kashi 95 yana nufin akwai baƙin kalmomi 20. Sanin kashi 90 kuwa yana nufin 40, wato kusan ɗaya a kowane layi. A irin wannan shafi kalmomin da za a dogara da su a yi canken su ma baƙi ne. Gaskiya ne cewa Schmitt da Jiang da Grabe (2011) sun nuna babu wata iyaka tsayayya da fahimta ke faɗowa a kanta, fahimta tana ƙaruwa ne sannu a hankali gwargwadon ƙaruwar kalmomin da aka sani. To amma wannan bai ceci dabarar canke ba, ƙara tabbatar da nauyin kalmomi ya yi.

A nan ne aikin Coxhead (2000) ya zama abin dubawa. Ta tattara rubuce-rubucen ilimi masu kalmomi kimanin miliyan 3.5 daga fannonin adabi da zamantakewa, da kasuwanci, da shari'a, da kimiyya, ta fitar da dangin kalma 570 waɗanda ba sa cikin kalmomi 2,000 na yau da kullum amma suna yawan fitowa a kowane fanni. Waɗannan 570 kaɗai sun ɗauki kimanin kashi 10 cikin 100 na rubutun da ta bincika. Hyland da Tse (2007) sun soki jerin da cewa kalma ɗaya takan canza ma'ana daga fanni zuwa fanni, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, dangi 570 abu ne da za a iya raba shi a zangon karatu biyu a koyar, kuma ya fi haddar sunayen matakai amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu a jerin Coxhead da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kalmomin daga Latin da Girkanci suka samo asali. Ɗalibin da ke jin Faransanci ko Sifaniyanci yana gane da yawa daga cikinsu tun kafin a koya masa, domin suna da 'yan'uwa a harshensa. Alal misali, ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram da ya yi sakandare da Faransanci zai iya shan wahalar Turancin hira, amma ya ga kalmomin littafin nazari sun zo masa da sauƙi. Hausa kuwa daga Larabci ta aro mafi yawan kalmominta na ilimi, irin su hujja da dalili da ƙa'ida da nazari da sharhi da ma'ana. Taska ce babba, sai dai ba ta buɗe ƙofar Turanci. Littattafan da aka rubuta domin ɗaliban Turai, ko aka kwaikwayo daga gare su, ba su da dalilin lura da wannan giɓi, shi ya sa suke ɗaukar koyar da saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na Latin a matsayin ƙarin bayani. Ga ɗalibin Kano ko Sakkwato wannan shi ne ginshiƙin darasin.

Mafi haɗari ma su ne kalmomin da ɗalibi yake zaton ya sani. Kalmar argue a Turancin yau da kullum gardama ce ko cacar baki, a rubutun ilimi kuwa kafa hujja ce. Kalmar since takan zo da ma'anar "tun daga", takan kuma zo da ma'anar "tun da yake". Kalmar significant a rahoton bincike mai alƙaluma tana da ma'ana ta musamman wadda ba ta yi daidai da "muhimmi" ba. A irin waɗannan wurare ɗalibi ba zai yi canke ba, ba kuma zai buɗe ƙamus ba, domin bai san akwai abin da ya ɓace masa ba.

3.4 Ginin Jimla da Muryar Marubuci

Ko da an san kalmomi, ginin jimlar Turancin ilimi wani tudu ne na daban. Marubutan ilimi suna son tara sunaye a jere su zama yankin suna guda, kuma sunan da ake magana a kansa yana zuwa ne a ƙarshe. Hausa kuwa da shi take farawa. A dubi wannan misali:

second language reading strategy instruction
koyar da dabarun karatun harshe na biyu

Idan aka lura za a ga jerin ya juye gaba ɗaya, abin da ya zo na biyar a Turanci shi ne na farko a Hausa. Ɗalibin da ya saba kama kan magana daga kalmar farko zai ɗauka ana batun harshe ne, alhali ana batun koyarwa ne. Wannan abu ne da malami zai iya nunawa a allo cikin minti goma, ya ce wa ɗalibai idan sun ci karo da irin wannan tari su fara warware shi daga ƙarshe. Amma sai malamin da ya san harsunan biyu, kuma kwas ɗin da ya yarda a ambaci Hausa a ajin Turanci.

Abu na biyu shi ne gane matsayin marubuci game da abin da yake faɗa. Karatun jami'a ya bambanta da na sakandare ne a nan. Marubuci yakan kawo ra'ayin wani a sakin layi guda domin ya rushe shi a na gaba, kuma alamar da ke nuna haka ƙarama ce: however, ko although, ko it is claimed. Yakan kuma sassauta maganarsa da may ko appears to ko suggests. Ɗalibin da aka koya wa yin karatun sama-sama yana tsintar manyan kalmomi, waɗannan ƙananan su ne farkon abin da idonsa zai tsallake. Sakamakon haka sai ya jingina wa marubuci ra'ayin da marubucin ya zo rusawa, ko ya mayar da "mai yiwuwa" ta zama "tabbas".

Abin lura a nan shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan fasaha. Duk mai jin Hausa ya san bambancin "ya zo" da "wai ya zo". Kalmar wai ita kaɗai ta isa ta nuna mai magana ya tsame hannunsa daga labarin. Haka ya san aikin "da alama" da "ai" da "ko da yake" da "sai dai". Wato yana da kunnen jin muryar mai magana tun yana yaro. Abin da ya rage shi ne a nuna masa takwarorin waɗannan kalmomi a Turancin littafi. Matakin karantawa na SQ3R bai ce komai game da wannan ba, domin Robinson ya tsara hanyarsa ne don tsamo bayani daga littafin aji da riƙe shi, ba don auna hujjar marubuci ba. Ɗalibin da zai rubuta bitar ayyukan magabata a kundinsa na shekarar ƙarshe, auna hujja yake bukata.

Sai kuma batun sanin duniyar da rubutun ya fito daga cikinta. Steffensen da Joag-Dev da Anderson (1979) sun ba Amurkawa da Indiyawa wasiƙu biyu, ɗaya a kan bikin auren Amurka, ɗaya a kan na Indiya. Kowane rukuni ya fi saurin karanta na al'adarsa, ya fi tuna shi, ya kuma fi jirkita na ɗaya al'adar. Matakin leƙe ana yin sa ne domin ya farkar da abin da mai karatu ya riga ya sani. Idan misalan littafin duk na wata ƙasa ne, babu abin da zai farka.

3.5 Saurin Karatu

Littattafan kwas da dama suna jero abin da suke kira munanan ɗabi'un karatu, daga ciki har da komawa baya a sake karanta layi, da furta kalmomi a zuci. Rayner da abokan aikinsa (2016), bayan sun yi bitar binciken shekaru masu yawa, sun nuna cewa komawa baya yakan taimaka wajen gyara fahimta, cewa muryar zuci tana da aiki a karatu, kuma duk saurin da ya wuce ƙima fahimta ce ke biyan kuɗinsa. Hanyar da suka ga tana ƙara sauri da gaske ita ce yawan karatu da ƙaruwar kalmomi. Hana mai koyon harshe komawa baya daidai yake da hana shi gyara kuskurensa.

3.6 Matakin Biyawa da Al'adar Karatun Zaure

Mataki na huɗu shi ne zuciyar hanyar Robinson, kuma a nan ne ta fi karkacewa idan ta zo hannun mai koyon Turanci. Sharaɗin matakin shi ne ɗalibi ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa. Wanda kalmominsa na Turanci ba su da yawa ba shi da wasu kalmomin da zai musanya na marubuci da su. Abin da zai yi shi ne ya riƙe jimlar yadda take. Da haka biyawa take komawa hadda, kuma a takardar jarrabawa hadda takan yi kama da fahimta har ta samu maki. A 'yan shekarun nan ma an samu wata hanyar kaucewa, wato manhajojin waya masu taƙaita rubutu, inda ɗalibi zai haddace taƙaitawar da ba shi ya yi ba, ta littafin da bai buɗe ba.

Akan ɗora laifin hadda a kan karatun allo, a ce shi ya saba wa yaro da maimaita abin da bai fahimta ba. Wannan hukunci ya yi gaggawa, domin ya manta da mataki na gaba a wannan tsari, wato karatun zaure. A can ɗalibi yakan karanta matanin Larabci na littafi kamar Ahalari ko Iziyya ko Risala gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa, yana tsayawa a kan kalma mai wuya da ginin jimla, ɗalibin kuma yana rubuta ma'ana a gefen shafi ko a tsakanin layuka. Ba a wuce gaɓa sai ta zauna. Idan aka cire bambancin harshe da na fanni, wannan shi ne karatun ƙwaƙƙwafi da matani mai nauyi yake bukata a harshe na biyu: matani na gaske, da jagora, da harshen da ɗalibi ya fi ji a matsayin ma'aunin fahimta. Abin da tsarin zaure bai cika ba wa ƙarfi ba shi ne leƙa littafi gaba ɗaya kafin a fara, da kwatanta marubuta da yawa cikin ɗan lokaci, kuma a nan SQ3R tana da abin bayarwa.

Saboda haka gyaran da ya fi kusa shi ne a bar ɗalibi ya yi matakin biyawa da Hausa tukuna, da baki ko a rubuce, kafin ya mayar da shi Turanci. Ba a iya haddace jimlar Turanci da Hausa. Wanda ya iya faɗin abin da sakin layi ya ƙunsa da Hausa, ya kuma sa wai a inda marubuci ya tsame hannunsa, to ya fahimta, wanda kuma ya kasa zai gane wurin da ya tsaya tun kafin ranar jarrabawa. Za a iya cewa aji a jami'a ya haɗa masu harsuna daban-daban, kuma ba kowane malamin Turanci ne yake jin Hausa ba. Wannan gaskiya ne, sai dai matakin biyawa ba a gaban malami ake yin sa ba. Ɗalibi ne da littafinsa a laburare ko a ɗakin kwana, ko shi da abokan karatunsa biyu ko uku, kuma Bayarabe ko Batibi da ke ajin zai yi nasa da harshensa. Irin kalmomin Hausa da ɗalibi zai bukata domin wannan aiki, da inda ake da su da inda sai an ƙirƙira, shi ne abin da babi na huɗu zai duba.